"Na da" ko "irin na da"?

Ga tambaya: in magini ya kwaikwayi tukunyar kakanni da hannunsa, ya yi ƙarya?

A Italiya, garuruwa irin su Orbiyeto da Deruta har yau ana gina tangaran irin na ƙarni na 13 da na 14: farin shafe mai kuza a ciki, zane kore daga jan ƙarfe. Wasu na cewa jabu ne. To, amma shi "na asalin" daga ina ya fito? Maginan Basara ta Iraƙi ne, a ƙarni na 9, suka sa kuza cikin shafe don kwanonsu ya yi fari kamar na Sin. Dabarar ta bi ta Andalus ta isa Italiya. Sunayen ma sun tona asiri: Italiyawa suna ce masa mayolika, sunan da ake dangantawa da tsibirin Mayorka, Faransawa kuwa fayans suke cewa, daga garin Fayenza. Ashe asalin ma kwaikwayo ne.

Mu dawo gida. Maginiyar Mirya, nan kusa da Damagaram, da ke gina tulu yadda ta ga uwarta na yi, ba wanda ta cuta. Haka muka koyi Hausa: kwaikwayon bakin iyaye. Da kwaikwayo laifi ne, da dukkanmu ɓarayi ne.

A ganina yumɓu ba ya ƙarya, baki ke yi. A ce wani ya turbuɗe sabon kasko cikin toka, ya tono, ya ce wa baƙo "na da ne, tun zamanin Sarki Tanimun", wanda ya rasu a 1884. Wannan ya ci kuɗin baƙo, ya lafta wa tarihi ƙarya, ya kuma shafe sunan wadda ta gina. In ya ce "irin na da ne", shi ke nan, ya fita haƙƙi. Kalma guda, "irin", ita ta raba amana da zamba.

Wani zai ce: ai mai kwaikwayo ba ya ƙirƙira. Amma dubi Italiyawan nan: sai da hannu ya goge da koyi, sannan a ƙarni na 16 suka riƙa zana labari sukutum a kan faranti.

Abin tsoron kuwa shi ne mu raina tulun yau don ba tsoho ba ne, mu koma ga roba. Ranar da maginiya ta rasa mai saye, ɗiyarta ba za ta koya ba. Sannan "irin na da" ɗin ma sai dai a labari.