"Ba Ni da Lokaci": Ɗalibi da Hakkin Iyayensa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ɗalibai, wato, "Ba ni da lokaci." Abin tambaya shi ne, ko yawan aiki yana iya sauke wa ɗa nauyin iyayensa?

A ɗauki misalin saurayi daga wani ƙauye a ƙasar Maraɗi, wanda ya sami shiga Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Tsakaninsa da gida ya fi kilomita 600. Tun da asuba yakan tashi ya ƙetare gadar Kennedy, domin ya sami wurin zama kafin ɗakin karatu ya cika. Da rana ya bi layin abinci. Da la'asar ya koya wa 'ya'yan wani ma'aikaci lissafi, don ya sami na sabulu. Da dare kuma ya hau bitar darasi har barci ya sace shi. Ran Lahadi ga sujada, ga taron matasa, ga wanki. In ya ce ya gaji, ba ƙarya ya yi ba.

A can ƙauye kuwa, uwarsa takan aiki ƙanensa kasuwa a sa wa waya wuta, sa'an nan ta ajiye ta kusa da ita. Mako ya wuce, wata ya wuce, wayar ba ta yi ƙara ba. In maƙwabta suka tambayi labarinsa, sai ta ce, "Yana lafiya, karatu ne ya yi masa yawa." Tana rufa masa asiri, amma zuciyarta ba ta kwanta ba.

Saurayin yana da hujjarsa. Yakan ce a ransa, "Ai karatun nan dominsu nake yi. In na gama zan gina musu ɗakin siminti." Da gaskiya cikin maganar, amma da tarko kuma. A cikin Markus sura 7, Yesu ya tsauta wa Farisiyawa don suna barin mutum ya ce ya keɓe wa Allah dukiyarsa, da haka ya daina taimakon uwa da uba. Ashe abu mai kyau yana iya zama mafakar wanda ba ya so ya cika wajibinsa. In har baiko ga Allah bai isa ya zama dalilin ƙyale iyaye ba, ina ga karatu?

Ban da wannan, gobe ba a hannun mutum take ba. Digiri na fari yakan ci shekara 3 ko fiye. Tsohon da ya sayar da ragonsa da damman geronsa don kuɗin mota, babu wanda ya yi masa alkawarin ganin ranar gamawa. Ɗakin siminti yana iya jira, tsufa kuwa ba ya jiran kowa.

To, me ake nema daga ɗalibi? Iyaye masu hankali sun san ba shi da albashi. Abin da suke marmari shi ne su ji muryarsa yana cewa, "Inna, kin yini lafiya? Yaya ƙafar Baba?" Wannan ba zai ci masa minti 5 ba. Babban hutu kuma yakan faɗo cikin damina, daidai lokacin da gona take neman hannu. Ɗalibin da ya koma ya ɗauki hauya tare da ƙannensa ya nuna ilimi bai raba shi da asalinsa ba. Yusufu yana mulkin ƙasar Masar a shekarun yunwa, duk da haka da ya ga 'yan'uwansa ya tambayi lafiyar tsohonsa. Yesu kuma, yana cikin azabar gicciye, ya danƙa uwarsa ga almajirinsa.

Amma su ma na gida suna da nasu nauyi. Akwai kawu da goggo waɗanda suke zaton duk wanda yake Yamai ya zama minista, ba sa kiransa sai don roƙon kuɗi. Akwai masu tilasta masa ya zo kowane biki, ko da jarrabawa tana bakin ƙofa. Irin wannan yakan sa yaro ya ji tsoron ɗaukar waya. Afisawa sura 6, wadda ta umarci 'ya'ya su yi biyayya, ita ce kuma ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu.

Saboda haka yawan aiki yana iya rage tsawon gaisuwa, amma ba ya soke ta. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Wanda nisa ya hana ƙafarsa zuwa, bari muryarsa ta je. Ya tsai da rana ɗaya kowane mako, kamar yadda ya tsai da lokacin darasi, ya kira gida. Uwarsa ta riga ta sa wa wayar wuta.