Likita, Sallata Fa?

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837 aka kuma binne shi a can, bai ɗauki zancen dubura a matsayin abin kunya ba. Cikin rubuce-rubucensa na likitanci har da ɗan littafi a kan magungunan basur. Ga malamin da ya riƙi daula, cutar da ake ɓoyewa ma ilimi ce da ya kamata a rubuta. Jikokin mutanen da ya zaunar a Wurno, da maƙwabtansu na Rabah da Goronyo, yau suna fuskantar abin da ya fi basur nauyi a baki: tiyatar da ake fito da bakin hanji ta jikin ciki, a manna jaka, bayan gida ya riƙa zuba a ciki.

Abubuwan da ke kai mutum ga wannan aiki sanannu ne a yankin: taifot da ta huda hanji bayan shan gurɓataccen ruwa, harbin 'yan bindiga a ciki, ciwon daji, ko jaririn da aka haifa ba dubura. Galibi sai an kai Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Wata ƙofar da ake buɗewa a cikin ta wucin gadi ce, a mayar da hanji bayan 'yan watanni. Wata kuwa ta zauna ke nan.

A ɗauki manomin albasa daga bakin madatsar Goronyo, kwance ana shirin shigar da shi. An yi masa bayanin jini da kuɗi da sa hannu. Abin da ke cin ransa daban ne, kuma da ƙyar yake fitowa: “Likita, sallata fa?” Bakin hanjin da za a fito masa da shi ja ne, ba ya jin zafi, amma ba shi da tsokar da ke riƙe kashi ko iska. Mutumin da tun yana ɗan shekara bakwai aka koya masa cewa tusa tana warware alwala, ga shi za a bar shi da jikin da ba ya neman izininsa.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Wurno ya riga likitoci isa wurin. Muhtasar na Shaihu Halilu ya kawo mas'alar hujin da ya buɗe a ƙasan tumbi bayan mafitar asali ta toshe, ya ba shi hukuncin mafita. Sai kuma babin salasi, wato yoyon da mutum ba ya iya tsarewa: idan yana zuwa rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala. Risala ta ce an so mai yoyon fitsari ya sabunta alwala a kowace salla, so ne kawai. Najasar da ke da wuyar kaucewa an yi rangwame a kanta. Ko limanci, karhanta masa aka yi idan zai ja masu lafiya, ba a ce sallarsa ta ɓaci ba.

Ma'anar wannan a fili take. Shari'a ta ɗora tsarki a kan abin da bawa ke da iko da shi. Duk da haka, binciken likitoci a Turkiyya ya nuna da yawa daga Musulmin da aka yi wa aikin sun daina salla da azumi. Hukuncin yana cikin littafi, bai iso bakin gadon asibiti ba.

Shi ya sa shirin tiyata ya wuce hana cin abinci. Inda ba gaggawa, ana sa alama a fatar ciki tun kafin aiki, mara lafiya ya zauna, ya miƙe, ya sunkuya. Ga Musulmi, sai ya gwada ruku'u da sujada, a duba inda mazagin wando ko ɗaurin zane ke bi, don kada jakar ta faɗa cikin lanƙwasar fata ta riƙa yoyo. A koya masa zazzage ta kafin alwala. A gaya masa cewa idan ƙaramin hanji aka fito da shi, ruwa da gishiri suna zuba da yawa, kuma azumi a zafin Afrilu na Sakkwato zai iya taɓa ƙodarsa. Ya sha, ya rama idan ya samu sauƙi.

Jakar mannawar kanta daga irin wannan damuwa ta samo asali. A 1954 wata ma'aikaciyar jinya a Denmak, Elise Sørensen, ta ƙirƙiro ta saboda 'yar'uwarta ta daina fita cikin mutane don tsoron wari da yoyo. A ƙauyukan Rabah jakar tana da tsada kuma ba a samunta a kowane kemis, har iyayen yaran da aka yi wa aikin kan koma ga leda da tsumma.

Manomin zai koma Goronyo da jaka ƙarƙashin taguwa. Ranar Juma'a ta farko, zai tsaya a ƙofar masallaci yana tunanin ko ya shiga sahu ko ya koma gida, kuma abin da aka faɗa masa kafin a kai shi ɗakin tiyata ne zai tuna.