Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ɗana, kai da Allah ya fara ba ka zuri'a, ba ni aron hankalinka in tuna maka labarin wasu yara huɗu 'yan ƙasar Kolombiya, can Kudancin Amurka. Wataƙila ka ji shi a rediyo lokacin da ya faru, ka yi salati, aka wuce zuwa wani labarin. Ni kuwa har yau yana raina, domin akwai abin da ya shafi gidanka a cikinsa.

Ranar 1 ga Mayu, 2023, wani ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya ya tashi daga garin Araracuara zai je San José del Guaviare. Injin ya mutu a sama, jirgin ya rikito tsakiyar dajin Amazon. Manya uku ne a ciki: matuƙin, da wani shugaban al'umma, da mahaifiyar yaran, kuma dukkansu sun rasu. Yaran ne kaɗai Allah ya yi wa sauran kwana. Babbarsu, Lesly, shekararta 13. Ƙanwarta tana da 9, ƙanensu yana da 4, sai jaririya 'yar wata 11.

Kada ka ɗauka daji ne irin namu, inda mutum kan hau tudu ya hango hayaƙin ƙauye. Can itatuwa sun haɗe kai sun rufe sama, mai tafiya ba ya ganin abin da ke ɗan nesa da shi, ga ruwan sama kusan yini guda, ga macizai da damisa da sauro, ga kuma 'yan tawaye masu bindiga da ke yawo a yankin. Sai da aka yi kimanin mako biyu kafin a gano tarkacen jirgin. Aka tarar da gawar manyan, ba yaran. Abin da aka yi ta tsinta a hanya shi ne bulumbotin jaririyar, da ɗan almakashi, da ragowar 'ya'yan itace da aka gatsa, da sawun ƙananan ƙafafu a cikin taɓo, da 'yar bukkar rassa da ganye. Sojoji fiye da ɗari suka bazu, 'yan asalin dajin suka shiga aikin tare da su. Aka naɗi muryar kakar yaran da harshensu na Huitoto, jirgi mai saukar ungulu yana yawo da ita a sama, tana roƙonsu su tsaya wuri ɗaya. Yaran kuwa tsoro ya sa in sun ji motsin mutane sai su ɓuya. Sai ranar 9 ga Yuni, bayan kwana 40, aka same su kimanin kilomita 5 daga inda jirgin ya faɗi, sun rame, ƙwari sun cije su ko'ina, amma duk huɗun suna da rai. Jaririyar a cikin dajin ta cika shekara ɗaya.

Allah ne ya raya su, wannan babu musu. Amma ɗana, dubi sanadin da ya raya su da shi. Lesly ta kwashi garin rogon da ke cikin kayan jirgin, shi suka yi ta ci da kaɗan-kaɗan. Da ya ƙare, ta san ɗan itacen da ake ci, ta san wanda ke kisa. Ta san yadda ake kafa bukka, domin danginta sun ce wasan da suke yi ke nan tun suna ƙanana. Ta san yadda ake riƙe jaririya, domin ita ke renon ƙannenta idan uwar ta fita aiki. Duk wannan ba a cikin kwana arba'in ɗin ta koye shi ba. Uwa da kaka ne suka zuba mata shi a hankali, a kwanakin da ba abin da ya faru, ba wanda ya san za a neme shi. Yaron da ke kuka da yunwa ga gawar uwarsa a bayansa ba shi da sararin koyon sabon abu. Abin da ke kansa tun da can, shi zai ɗauko.

Mu ma mun san wannan, mantawa muka yi. Tambayi tsofaffin da suka ga farin 1973 da na 1984, su gaya maka abin da ya riƙe gidaje da rumbu ya ƙare: tafasa, da yaɗiya, da zogale, da aduwa, da goruba, da magarya. A yunwar 2005 a Nijar, mata sun koma ga anza, wadda ɗacinta ba ya ciwuwa sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa. Wadda ba ta ga uwarta ta yi ba, ina za ta san haka? Yau kuwa sai ka samu yaro ɗan shekara goma sha uku ya iya kowane lungu na wayar ubansa, amma bai iya hura wuta ba, bai san kanya daga ɗinya ba, in ka ajiye shi unguwa biyu daga gida bai san ta inda zai dawo ba. Ban ga laifin yaron ba. Laifin na wanda ya ɗauka so shi ne a hana yaro taɓa komai.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fi fitowa fili a labarin mahaƙa 33 na ƙasar Chile, da ramin ma'adinai ya rufta da su a watan Agustan 2010, kimanin mita 700 a ƙarƙashin ƙasa. Kwana 17 suka yi ba wanda ya san suna raye. Abincin da ke ma'ajiyarsu na kwana biyu ne ko uku, amma shugaban aikinsu, Luis Urzúa, ya tsaya aka riƙa raba cokali biyu na kifin gwangwani da ɗan madara bayan kowane kwana biyu. Da aka fito da su bayan kwana 69, shi ne na ƙarshe da ya fito. Mutanenmu da yawa in an ce haƙuri, sai su ɗauka naɗe hannu ne a zauna. Haƙurin da ya fitar da waɗannan mutane yana da awo da lissafi: a ci kaɗan yau don gobe, babba ya danne yunwarsa, kowa a ba shi aikin yi don kada zuciya ta karye. Yaron da aka saba masa duk abin da ya gani sai ya cinye nan take, ranar da ya zama shi ne babba a cikin wahala, da me zai raba wa na ƙasa da shi?

Sai dai in ja kunnenka kan abu ɗaya. Kada ka ɗauki labarin Lesly hujjar jibga wa 'yarka reno da talla har ta rasa makaranta. Abin da ya sami yarinyar nan musiba ce, ba wanda zai so wa ɗansa, kuma yaran sun yi makonni a asibitin sojoji na Bogotá kafin jikinsu ya dawo. Koyarwa nake nufi, ta uba mai tausayi, ga namiji da mace baki ɗaya. Kuma kada ka ce ai ɗanka ba zai hau jirgi ya ratsa Amazon ba. Mutanen Maiduguri da suka kwanta lafiya a watan Satumban 2024 ba su san madatsar Alau za ta ɓalle ruwa ya raba iyaye da 'ya'yansu cikin dare ba.

Saboda haka ka fara tun yaron yana ƙarami. Ya haddace cikakken sunanka da sunan unguwarku da lambar wayarka, a kansa ba a takarda ba. Ya san in ya ɓace a kasuwa ko tasha, tsayawa zai yi inda yake, ya nemi dattijo ko mace mai goyo ya gaya musu. Idan an yi hutu, kai shi ƙauye wurin kakarsa, ka bar shi ya bi ta gona, ta nuna masa abin da ake tsinka da abin da ba a taɓawa, tun tana da ƙafar zuwa. Koya masa hura wuta da kashe ta, da tafasa ruwan da ba a yarda da shi ba. Koya masa haɗa ruwan gishiri da sukari don mai gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ka gama faɗa masa, miƙa masa cokalin ya haɗa a gabanka, ka ɗanɗana ka ji ko gishirin ya yi yawa.