Shin Shiru Ma Ƙarya Ne?

'Yar'uwa, tambaya na zo miki da ita yau, don ni ta hana ni barci.

Gidanmu na gado da ke Karfi, kan hanyar Malumfashi zuwa Funtua, mun sa shi a kasuwa da kakar 2022, lokacin da manoma suka sayar da masara da auduga, kuɗi na hannun mutane. Muka ce ba zai yi wata guda ba. Sai ga canjin kuɗi a farkon 2023, mai hali ma na neman na cefane, balle sayen gida. Aka zo aka cire tallafin mai, kowa ya koma ta cikinsa. Haka gidan ya yi ta zama, daga shi sai ƙadangaru.

Amma tsakani da Allah ba rashin kuɗi kaɗai ba ne. Gara ta cinye azarar ɗakin marigayiya Inna, kuma in ruwa ya kankama tsakar gidan tafki take komawa. Dillali ya ce abu mai sauƙi ne: a yi yaɓe, a shafa farar ƙasa, a kawo mai saye da rani. Ya ce, "Hajiya, ai ba ƙarya za ku yi ba, shiru kawai za ku yi." Yaya ya ce hakan ya yi.

Ni ma zuciyata ta so, kar ki ɗauka waliyyiya ce ni. Rabona rabin na Yaya ne, kuma tuni na gama lissafa shi a kayan ɗakin 'yata. Na ce da kaina, ai mai saye na da ido, shi ma ba tausayinmu zai ji ba wajen tayi. Mu da muke ɗora manyan ƙosai a saman faranti, wa ya taɓa ce mana maƙaryata?

To amma ƙosai ana ci a manta. Gida fa? Namiji ne zai zo ya leƙa zaure, ya biya, a ba dillali la'ada, mai unguwa ya shaida. Wadda za ta kwana ƙarƙashin wannan azara da goyonta ba ta wurin cinikin, ba wanda zai tambaye ta. Malamai sun ce mai saye na da ikon mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Wa zai mayar mata da ɗa in rufi ya rufto cikin dare?

Da wani mutumin Bakori ya zo gani, na aika yarona da sanda ya caki azarar a gabansa. Gari ya zubo. Mutumin ya rage tayinsa sosai, ya ce zai dawo bayan kaka.

Yaya har yau gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Bikin 'yata kuwa mun ɗaga shi.