Jinin Mai Aiki A Bakin Titi, A Wuyan Wa Yake?



'Yan'uwa, akwai wasu bayin Allah waɗanda abincinsu a bakin titi yake: leburorin da ke zuba tsakuwa da kwalta, da masu shara tun da asuba, da masu gyaran famfo, har da 'yan jarida masu tsayawa ɗaukar hoto inda wani abu ya auku. Nan suke yini, galibi ma sun ba motoci baya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa kuwa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Watau direban da ya sunkuya duba wayarsa na daƙiƙa 3 ya yi tafiyar fiye da mita 80 ido rufe.

A watan Janairu na 2022, a jihar West Virginia ta Amurka, wata 'yar jarida tana tsaye da dare tana ba da labarin fashewar bututun ruwa kai tsaye a talabijin, sai mota ta buge ta ta baya jama'a na kallo. Allah Ya yi da sauran kwananta, ta tashi ta ƙarasa labarin. Mutane suka yi ta yaba ƙarfin halinta, amma abokan sana'arta tambaya suka yi: don me aka tura ta ita kaɗai, ita ce mai magana, ita ce mai ɗaukar hoto, babu mai duba mata hanya?

Wannan tambaya ta Shari'a ce tun kafin a ƙera mota. A nan ƙasarmu, da zarar an buge lebura sai ka ji an ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, babu ran da zai fita sai da izinin Allah. Amma Allahn da Ya ƙaddara ajali Shi ne Ya saukar da aya ta 92 a Suratun Nisa'i, inda Ya ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure diyya da kaffara. Da ƙaddara tana wanke mai sakaci, da wannan hukunci bai sauka ba.

Duk wanda ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa mai hawan dabba, da mai jan ta, da mai kora ta, su ke lamunin abin da ta taka. To, dabba ma da take da rai da nata hali, balle ƙarfen da ba ya motsi sai an taka masa mai. A kan wannan asali ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a Shari'a, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo, sai fa in abin ya fi ƙarfinsa ta yadda ba shi da ikon kauce masa.

Sai dai ban yarda a tsaya kan direba kawai ba. Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi, kuma Imamu Malik ya lamuntar da wanda ya haƙa rijiya a kan hanya inda ba shi da izini. Ɗan kwangilar da ya rufe rabin titi bai kafa alama daga nesa ba, sai 'yan duwatsu da reshen itace, ya hana ma'aikatansa rigar da ke ƙyalli da dare don rowar kuɗi kaɗan, a ganina yana da kaso cikin jinin. Haka shugaban gidan jaridar da ya tura yaronsa tsakiyar motoci ba mataimaki. Shi ma ma'aikacin, ransa amana ce a hannunsa, babu hoton da ya kai ya tsaya a kan kwana dominsa.

Saura maganar yafiya, wadda ake yawan kuskure a cikinta. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, kuma a kisan kuskure dangin mai kisan ke haɗa ta cikin shekara 3. Magada suna da ikon yafe ta, Allah kuma Yana son mai afuwa. Amma kaffara haƙƙin Allah ce, yafiyar dangi ba ta kayar da ita, kuma tun da babu bawan 'yantawa a yau, azumin wata 2 a jere ya hau kan direban. Sa'an nan diyya gado ce. Idan leburan ya bar marayu ƙanana, baffansu ba shi da ikon ya tashi a zaman makoki ya ce mun yafe da yawunsu, don kunyar manyan da suka zo ta'aziyya. Nasa rabon kaɗai zai iya yafewa, in yana da shi. Na yara kuwa sai a karɓa a ajiye musu har su mallaki hankalin kansu.