Auduga A Jiki, Me Ke Cikin Zuciya?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waliyyan Allah baki ɗaya.

Bayan haka, ƴan'uwa, a wani hutu na koma gida Atantane daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, kaina cike da sabon karatu. Na karanta yadda ake yin yadin roba, sai na ɗaukar wa kaina alkawarin ba zan ƙara sa tufa ba sai ta auduga. Shawarar ba ta da aibi. Aibin daga baya ya shigo, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tambayata ita ce: shin irin zaren da ke jikin bawa yana ƙara masa kusanci ga Allah?

Bari in fara da ba auduga haƙƙinta. Yadin roba, wanda ake kira foliyesta, daga man fetur ake samo shi. A Ingila aka ƙirƙiro shi a shekarar 1941, yau kuwa ya haura rabin dukkan zaren da ake yi a duniya. Ba ya shan ruwa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, shi ya sa zufa ke kwantawa tsakaninsa da fata, ga wari, ga ƙuraje a jikin yara. Auduga kuwa tana tsotse zufa, iska ta ratsa ta, jiki ya huce. Haka ma kittani, wato lilin, wanda Misirawa suka shahara da saƙarsa tun zamanin Fir'aunoni, sai dai mu ba a noma shi a ƙasarmu. Duk wanda ya yi bazara a ƙasar Mayahi, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba sai an kawo masa hujja ba. Akwai kuma abin da iyayenmu mata suka fi mu sani: idan tartsatsin murhu ya kama zanen roba, narkewa yake yi ya manne da fata. Allah ya kiyaye.

Shari'a ba ta raina irin wannan ba. A Suratun Nahli, aya ta 80 da ta 81, Allah ya lissafa gashin dabbobi da tufafin da ke kare mu daga zafi a cikin ni'imominsa. An hana maza sa alhariri, amma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa Zubairu da Abdurrahman ɗan Aufu rangwame su sa shi saboda ƙaiƙayin da ya same su. Ashe lafiyar fata ma tana da matsayi a addini.

A gida ma haka. Gulbin Kaba ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, sunansa ma daga kabar goriba ya samo shi. Da ita matanmu ke saƙa tabarma da faifai, maza su tufka igiya. Tabarmar kaba ba ta ɗaukar zafi kamar ta roba, idan ta tsufa kuma ƙasa ta cinye ta. Ta roba kuwa sai ta kakkarye ta zama shara a bayan gari, tare da ledar da awakinmu ke haɗiya suna mutuwa. Kakata, Allah ya jiƙanta, da hannunta take gurzar auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta kaɗa da mazari, ta kai wa masaƙi ya fitar da sawaye. Sana'ar da ta ɗaga sunan ƙasar Hausa ke nan. Baturen nan Barth, da ya bi ta Tasawa a 1851 a hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya yi mamakin nisan da tufafin Kano ke kaiwa a fatauci.

To, da wannan ilimi na shiga zawiya ranar wata Juma'a bayan la'asar, sanye da farar shaddar auduga da na yi watanni ina tara kuɗinta. Muka zauna da'ira. Sai ga wani saurayi ya zo ya zauna a gefena, daga rijiya yake wajen shayar da dabbobi, sanye da rigar ƙwallo ta gwanjo, roba zalla, jiƙe da zufa. Na ɗan janye gefen rigata. Aka fara hailala. Harshena yana ambaton Allah, zuciyata kuwa tana lissafi: me ya hana shi sauya riga? Bai san darajar wurin nan ba? Ashe a duk da'irar nan ni kaɗai na fahimci tufar da ta dace da zikiri? Ban farka ba sai da na ji shesshekarsa. Na waiga, hawaye na zuba a fuskarsa, bai ma san ina wurin ba. Har aka kira magariba ban samu halartar zuciya ta minti ɗaya ba. Shi ya tashi da zikiri, ni na tashi da riga.

Bayan isha'i na samu muƙaddaminmu, na durƙusa na ce, "Sayyadi, yau na yi hasara." Na kwashe labari na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, ka san kalmar Sufi, a zance mafi shahara, daga sufu take, wato ulu, tufar masu gudun duniya na farko. Amma tun a wancan zamani manya suka ga haɗarin da ke ciki." Sai ya ba ni labarin Shehu Abul Hasan Shazali, wanda ya rasu a shekara ta 656 bayan Hijira. Shi mai sa tufafi masu kyau ne. Wani mai tsumman ulu ya zarge shi a kan haka, sai Shehun ya nuna masa cewa tasa tufar tana shelar godiya ga Allah, ta mai zargin kuwa tana shela wa mutane cewa shi mabuƙaci ne su ba shi. Sannan ya ce, "Wancan ya yi taƙama da tsumma, kai ka yi da auduga. Ciwon ɗaya ne."

Da na zauna na yi tunani sai na ga wani abin da ya ƙara kunyata ni. A zamanin kakata auduga ita ce tufar talaka, a gonarsa take fitowa. Yau lamarin ya juye. Shadda mai kyau irin Getzner, daga Turai ake kawo ta, sai mai hali. Talaka kuwa abin da aljihunsa ya kai shi ne yadin roba da gwanjo. Ke nan duk wanda ya mai da auduga ma'aunin taƙawa, ya rufe wa matalauta ƙofa, alhali su ne suka fi cika sahun zawiyoyinmu. Muslim ya ruwaito cewa wani ya tambayi Annabi (SAW) game da mutumin da ke son tufarsa ta yi kyau, sai ya bayyana masa cewa wannan ba girman kai ba ne, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ban yi laifi da na sa shadda ba. Laifina janye gefenta da na yi.

Wani zai ce, to ashe zaɓen tufa ba shi da wani amfani? Yana da shi, sai dai a ajiye shi a mazauninsa. Sharaɗin tufar salla shi ne ta zama mai tsarki, ta rufe al'aura, kuma a same ta ta hanyar halal. Babu malamin da ya ƙara da cewa sai ta auduga. Masu sira ma sun ce Annabi (SAW) ya sa ulu, ya sa auduga, ya sa kittani, gwargwadon abin da ya sauƙaƙa. Amma jiki amana ne, ƙasar da muke takawa amana ce, maƙwabciyar da ke saƙa tabarma don ta ciyar da marayunta ita ma tana da haƙƙi a kanmu. Idan ka saya wa jaririnka rigar auduga don kada zafi ya cuce shi, ko ka saya wa mahaifiyarka zanen girki da ba ya narkewa, ko ka zaɓi tabarmar kaba ranar kasuwa don kuɗinka ya tsaya a hannun ƴar garinku, niyya za ta mai da wannan ibada. Ladan yana cikin jinƙan da ka yi, ba cikin zaren ba. Wanda kuma bai samu iko ba, bai rasa komai a wajen Allah ba. A Suratul A'arafi, aya ta 26, bayan Allah ya ambaci tufar rufe tsiraici da ta ado, tufar taƙawa ya fifita.

Yanzu idan aka shimfiɗa farin ƙyalle a wazifa, za a fara Jauharatul Kamali, likkafani nake tunawa. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa a fararen tufafin auduga uku na Yaman aka suturta Annabi (SAW). Kakata ma sawayen da ta kaɗa da hannunta ta adana shekaru a ƙasan adakarta, a ciki aka kai ta. Amma ina kuma tuna Mus'abu ɗan Umairu (RA), wanda babu saurayin da ya kai shi ado a Makka. Da ya yi shahada a Uhudu, mayafinsa bai isa ya rufe shi duka ba, aka rufe kansa da shi, ƙafafunsa aka rufe su da ciyawar izhir. Wa zai ce likkafaninsa ya rage masa daraja?

Har yau auduga nake sawa, kuma ina ba ƴan'uwa shawarar su sa idan da hali. Amma washegarin ranar nan na je har bakin rijiya na samu saurayin nan na ce, "Ɗan'uwa, ka yafe mini." Ya yi dariya, ya ce shi bai ga abin da na yi masa ba. Ya yafe, muka ja guga tare.

Allah ya suturta mu duniya da lahira, ya wanke zukatanmu daga jiji da kai, ya bar mu da ƙaunar Annabi (SAW) da ta Shehu Ahmadu Tijjani (RTA), ya sa mu cika da imani. Amin.