Alli a Jikin Bango: Shin Kyakkyawar Niyya ta Ishi Shugaba?

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙauyukan Ajingi, daga Toranke zuwa Balare ko Unguwar Bai, ya ga rubutun alli a jikin bangon zaure ko a ƙyauren gida: 'yan lambobi da haruffa, wasu a kan wasu, damina ta wanke na bara, an sake rubuta na bana. Masu rigakafin shan inna ne suke yin sa, domin wanda zai biyo sawunsu ya san yara nawa ne a gidan, nawa aka ɗiga wa magani, da kuma ko maigida ya buɗe ƙofa ko ya hana. Mun saba da wannan rubutu har ba ma ganinsa. Amma a bayansa akwai wani darasi game da shugabanci wanda jiharmu ta Kano ta saya da tsada, gama da ƙafafun 'ya'yanta ta biya.

Mukan ce shugaba nagari shi ne mai kyakkyawar niyya, kuma idan ya yi kuskure mukan yi masa uzuri mu ce ai alheri ya nufa. Abin da nake so mu auna tare shi ne ko wannan uzuri yana tsayawa sa'ad da waɗanda kuskuren ya faɗa wa ba su ne suka yanke shawara ba.

Tun kafin likitoci su zo, Hausawa sun san ciwon, sun kuma ba shi suna. Iyayenmu sun ɗauka wata iska ce, Inna, take shanye ƙafar yaro har ta motse. Daga baya aka gane ƙwayar cuta ce da take bin bayan gida ta shiga ruwa da abinci, kuma ba ta da magani idan ta kama, sai dai rigakafi. A shekarar 1988 ƙasashen duniya suka ƙulla niyyar kawar da ita, a lokacin da take nakasa yara wajen 350,000 kowace shekara. Aiki ya yi nisa ƙwarai, har aka fara ƙirga shekarun da suka rage. Sai ga shi a shekarar 2003 magana ta bazu a Arewa cewa an gauraya maganin da abin da zai hana 'ya'ya mata haihuwa, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau kuwa ta dakatar da rigakafin a Kano har sai an bincika.

Yana da sauƙi a yau mutum ya kira wannan jahilci, amma wanda ya faɗi haka ya manta abin da ya gabata. A shekarar 1996, sa'ad da annobar sanƙarau ta auka wa Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan, inda aka shigar da yara wajen 200 cikin gwajin. Goma sha ɗaya suka mutu, wasu suka nakasa, iyaye kuma suka yi ta cewa ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Shari'a ta ɗauki shekaru, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban da wannan, talakan ƙauye yana da wata tambaya da ba wanda ya tsaya ya amsa masa: me ya sa idan ɗansa yana fama da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda sai ya sayar da akuya ya sayi magani, amma wannan ɗigo ɗaya ake biyo shi da shi har ɗaki, kyauta, sau da yawa a shekara? Wannan ba tambayar wawa ba ce.

To, ga inda maganar ta yi nauyi. Ma'aikatan lafiya na ƙasa da na duniya suna da kyakkyawar niyya, gaskiya kuma tana wajensu game da maganin. Amma sun zo da jadawali da lissafi, ba su zo da kunne ba. Sun ɗauka tun da abin da suka kawo alheri ne, ba su da bukatar su nemi yardar kowa. Waɗanda suka dakatar da rigakafin su ma, a iyakar abin da ido yake gani, kare yara suka ce suna yi. Ɓangarori biyu, kowanne yana rantsuwa da niyyarsa, ƙwayar cutar kuwa ba ta san niyya ba. Cikin watannin da aka yi ana jayayya ta bazu a Arewa, ta haye iyaka, cikin 'yan shekaru ta koma ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Sudan da Yaman da Indonesiya. Akwai samari da 'yan mata a yau, masu shekara ashirin da 'yan kai, waɗanda suke jan jiki a bakin kasuwanninmu saboda wata gardama da aka yi suna goye a bayan iyayensu mata.

A ganina gwamna bai yi laifi ba da ya ce a bincika, domin shugaban da jama'arsa suka tsorata, ya kuma yi kamar bai ji ba, ya saki amanarsu. Laifin yana cikin tsawon lokacin. Bincike yana da farashi, kuma wanda yake biyan farashin ba ya zaune a teburin da ake binciken. Shugaba mai lura yakan riƙa ƙirga kwanaki yana tambayar kansa wa jinkirin nan yake ci.

Sai dai kuma dole a faɗi abin da ya biyo baya, gama shi ne ya fi wuya. A ƙarshen watan Yuli na 2004 Kano ta koma rigakafi da maganin da aka sayo daga Indonesiya, wanda jama'a suka fi natsuwa da shi. A watan Oktoba na shekarar, a bainar jama'a a birnin Kano, Shugaban Ƙasa Olusegun Obasanjo ya ɗiga maganin a bakin ƙaramar 'yar gwamnan. Mutumin da ya rufe ƙofa shi ne ya miƙa 'yarsa ta cikinsa. Mu da muke zaune a kwamitoci mun san irin ɗacin da ke cikin cewa na sake shawara, ko da a gaban mutum goma ne.

Duk da haka ƙofofi ba su buɗe ba. Tsoron da aka shuka cikin shekara ɗaya bai tsige da sanarwar rediyo ba, har a 2006 aka ƙirga yara 1,122 da cutar ta nakasa a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. A nan ne aka fara koyon abin da ya kamata a fara da shi. Daga wannan shekara masu rigakafi suka soma zuwa da wasu abubuwan da iyaye suka daɗe suna roƙo, kamar rigakafin ƙyanda da maganin tsutsar ciki da sabulu da gidan sauro. A 2009 kuma, sa'ad da Dakta Muhammad Ali Pate yake shugabantar hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan wannan aiki. Magana ta gangaro daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, wato mutumin da ya halarci sunan yaron, ya san kakansa, gobe kuma zai haɗu da uban a gona. Yaran da cutar ta kama sun kai 798 a 2008. A 2010 sun sauko zuwa 21.

An kuma gwada ƙarfi. A 2011 hukumomi a Kano sun yi barazanar gurfanar da iyayen da suka hana 'ya'yansu. Amma akwai wata dabara da masu sa ido suka sha kamawa a wurare da dama: alamar da ake yi wa yaron da ya karɓi magani ita ce a shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, sai maigida ya roƙi mai rigakafi, ko su daidaita, a shafa tawadar ba tare da an ɗiga komai ba. A takarda an yi wa yaro, a bango an rubuta alli, a cikin yaron kuwa babu abin da ya shiga. Ban san wani hoto da ya fi wannan nuna iyakar tilas ba. Tilas tana iya samo maka tawada a yatsa. Ɗigon da ke bakin yaro sai uwa ta yarda ta buɗe masa baki.

Waɗanda suka samo wannan yardar galibinsu ba su da rawani. Mata ne na cikin unguwa da aka ɗauka suna shiga gida gida, inda namiji baƙo ba ya wuce zaure, suna zama a tabarma ɗaya da matar gida, suna komawa sau uku, sau huɗu, ba tare da zagi ba. Akwai kuma waɗanda cutar ta riga ta nakasa, irin su Malam Aminu Ahmad Tudun Wada, shugaban ƙungiyarsu a Kano, mai ƙera kekunan guragu, waɗanda suka riƙa zuwa ƙofar mai gardama su ce masa ya dube su da kyau kafin ya yanke wa ɗansa hukunci. Ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka kashe mutum tara a wuraren rigakafi biyu a birnin Kano, kusan dukansu mata. Aikin bai mutu ba. 'Yan'uwansu mata sun sake ɗaukar akwatunan ƙanƙara. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta nakasa a jihar Kano an same shi a Sumaila a watan Yuli na 2014. Ta sake ɓulla a Borno a 2016, inda rikici ya hana isa ga yara, sa'an nan ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Afirka ta rabu da ita.

Wani zai ce: ashe wannan ba wayo ba ne kawai? An ba talaka sabulu domin ya buɗe ƙofa, an yi amfani da sarakuna domin a cim ma lissafin da aka tsara a Janiba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kada mu yi saurin kore shi. Bambancin mai sauraro da mai lallashi ba ya bayyana a ranar farko, domin dukansu suna zama a tabarma, dukansu suna gyaɗa kai. Yana bayyana ne a kan ko abin da aka ji ya sauya wani abu a cikin shirin mai jin. Inda koken uwa game da zazzaɓi ya sa aka kawo magani, aka gyara ɗakin shan magani na ƙauye, an saurare ta. Inda aka ba ta sabulu, aka samu ɗigon, aka tafi ba a sake waiwayarta ba, an yi mata dabara ne, kuma ta sani. Sakamakon irin wannan bai ɓuya ba: saboda rigakafin yau da kullum ya kasance da rauni a wurare da yawa, wani nau'in cutar da yake yaɗuwa a inda yara ba su sami cikakken rigakafi ba ya kama fiye da yara 400 a Nijeriya a 2021. Shi ya sa allin bai ɓace daga bangayenmu ba.

Mu mutanen wannan yanki mun ga yadda muƙami yake hawa da sauka. A 2019 aka ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A watan Mayu na 2024 aka rushe ta. A watan Yuli na shekarar aka maido ta a daraja ta biyu, da Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Sa hannu ɗaya ya isa ya yi kowanne daga cikin waɗannan. Amma babu dokar majalisa da za ta sa magidanci a Gafasa ya gaskata mai unguwarsa idan ya taɓa kama shi da ƙarya a kan rabon taki.

Kada kuwa mu ɗauka wannan magana ta sarakuna da gwamnoni ce kaɗai. A cikin masu karanta wannan takarda akwai katikis, akwai shugabar Zumuntar Mata, akwai malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti da mai riƙe kuɗin kwamiti, kowannensu kuma yana da wani alheri da yake so jama'a su karɓa: a sa 'ya'ya mata a makaranta, a haƙa masai, a je awon ciki, a daina aurar da yarinya ba ta kai ba. Sau da yawa mukan fito taro muna fushi, muna cewa mutanen nan ba sa son ci gaba, alhali ba mu tambaye su ko sau ɗaya abin da suke tsoro ba, ko wane ne ya taɓa zuwa musu da irin wannan alkawari ya ci amanarsu. Su kuwa, tun muna magana, suna duban ko 'yarmu tana makarantar da muke kira su kai tasu, da kuma ko matarmu ta je awon da muke yi musu wa'azi a kai.